Bashi Hanji Ne: Ayn Rand da Malaman da Ta Ci Bashinsu

 

Jawabin yau ya shafi wata marubuciya wadda aka haifa a Rasha, ta yi rayuwarta a Amurka har mutuwarta, wadda duniya ta sani da sunan Ayn Rand. Sunan baƙo ne ga yawancin masu karatu a ƙasashen da ke aiki da Faransanci, domin babban littafinta da ya fito a 1957 bai samu fassarar Faransanci wadda ta bazu a kasuwa ba sai a 2011. A Amurka kuwa an sayar da miliyoyin kwafi na littattafanta, kuma ɗaya daga cikin almajiranta ya riƙe babban bankin ƙasar har shekara 18 da ɗoriya. Tambayar da ta ƙarar da rayuwarta a kai sananniya ce ga kowa a wannan zaure: wa ke da haƙƙi a kan gumin mutum, shi kansa, ko danginsa, ko gwamnati? Ɗan kasuwar da motarsa ta kwana uku a duwan yana jiran sa hannu yana da amsarsa. Ma'aikacin da ya share watanni yana jiran albashi saboda lanho bai shiga baitulmali ba, shi ma yana da tasa.

Rand ta sha faɗa cewa a fagen falsafa mutum ɗaya tak ke bin ta bashi, shi ne Aristotal na Girka, sauran duka daga ƙwaƙwalwarta suka fito. Hausawa kuwa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Aikin da masana suka yi a kanta tun daga shekarun 1970 ya yi kama da na magadan da suka buɗe littafin lissafin mamaci, suna bin shafi shafi don gano su wa ke bin sa, da nawa, da kuma waɗanda ya ƙi rubutawa.

Daga kantin magani zuwa Holiwud

Sunanta na yanka Alisa Rosenbaum. An haife ta ranar 2 ga Fabrairu 1905 a birnin Petersburg, cikin gidan Yahudawa masu rufin asiri, mahaifinta yana da kantin magani. Bayan juyin juya halin ƴan gurguzu na 1917 sabuwar gwamnati ta ƙwace kantin da sunan jama'a, iyalin suka yi hijira zuwa Kirimiya, suka komo a 1921 cikin yunwa da talauci. Alisa ta shiga jami'ar birnin, wanda a lokacin ake kira Petrograd, ta karanci tarihi da ɗan abin da ya sawwaƙa na falsafa, ta kammala a 1924. A farkon 1926 ta samu izinin ziyartar danginta a Shikago, ta fita ba ta sake komawa ba. Ta sauya suna, ta nufi Holiwud inda ta yi ƙananan ayyuka a masana'antar silima, ta auri Frank O'Connor a 1929, ta zama ƴar ƙasar Amurka a 1931.

Ƙagaggun labarai huɗu ta wallafa. We the Living, na 1936, yana ba da labarin wata budurwa a ƙarƙashin mulkin gurguzu. Anthem, na 1938, ya siffanta wata al'umma da aka haramta wa mutum kalmar da zai kira kansa shi kaɗai. The Fountainhead, wanda kamfanonin ɗab'i 12 suka ƙi karɓa kafin ya fito a 1943, labarin Howard Roark ne, masanin zanen gine-gine da ya gwammace fasa dutse a ma'adana da ya gurɓata zanensa don faranta wa masu kuɗi, wanda a ƙarshe ya tarwatsa wasu gidajen gwamnati da nakiya saboda an sauya masa zane ba da izininsa ba. Na huɗu, Atlas Shrugged, mai shafi fiye da 1000, ya fito a 1957. A cikinsa masu masana'antu da masu ƙirƙira ne suka shiga yajin aiki a ƙarƙashin jagorancin wani injiniya mai suna John Galt, suka ɓuya a wani kwari, suka bar ƙasa ta durƙushe a hannun masu dokoki da masu kamun ƙafa. Shi ya sa aka raɗa wa fassarar Faransanci suna La Grève, watau yajin aiki. Daga nan ta daina ƙaga labari, ta koma rubuta maƙaloli har mutuwarta a Niyok ranar 6 ga Maris 1982.

Abin da ta koyar

Aƙidarta, wadda ta kira Objectivism, watau riƙo da zahirin abu yadda yake, tana tsaye a kan turaku huɗu. Na farko, duniya tana nan yadda take, ko mutum ya so ko ya ƙi, fata da tsoro ba su sauya ta. Na biyu, hankali shi kaɗai ne hanyar sani. A nan ta kore wahayi da imani baki ɗaya, domin ita ba ta yarda da samuwar Ubangiji ba tun tana yarinya, kuma ba ta taɓa ɓoye hakan ba. Na uku, rayuwar kowane mutum ita ce manufarsa, kada ya sadaukar da kansa domin wani, kada kuma ya nemi wani ya sadaukar da kansa dominsa. Wannan ne ta kira son kai na hankali, har ta sa wa littafinta na 1964 suna The Virtue of Selfishness, watau falalar son kai. Na huɗu, tsarin jari-hujja tsantsa, inda aikin gwamnati bai wuce uku ba: ƴan sanda, soja, da kotu. Makaranta, asibiti, hanya da gidan waya duk na masu zaman kansu ne, lanho na tilas kuwa a wurinta ƙwace ne.

Ɗan kasuwa zai ji daɗin sanin cewa shi ne ta ɗauka a matsayin alamar mutumin kirki, domin yana ba da abu mai daraja ya karɓi mai daraja bisa yardar ɓangarori biyu, ba da bulala ba, ba da bara ba. Sai dai kafin a yi tafi, a lura da cewa miyagun da ke cikin Atlas Shrugged da yawansu attajirai ne, irin waɗanda arzikinsu ya fito daga sanin minista, da samun lasisin da aka hana wa abokin gasa, da yafiyar haraji ta bayan gida. A ma'auninta irin wannan attajiri ɗan fashi ne da alƙalami. Wanda ya tuna zamanin da SONARA ke riƙe da fitar da gyaɗa, Copro-Niger kuma ke riƙe da shigo da wasu kayan masarufi, da yadda takardar izinin saye ko rabawa ke ɗaga mutum ko ta kayar da shi, ya san cewa tsakanin biro da kasuwa akwai ƙofar da ba a cika rufewa ba.

Mai bin bashi na farko: Aristotal

Bashin da ta amsa shi ne na Aristotal, wanda malaman zaure ke kira Arisɗo. Sassa uku na Atlas Shrugged ta raɗa musu sunayen ƙa'idojin manɗiƙinsa: abu ba ya zama kishiyar kansa, zance ko dai gaskiya ne ko ƙarya, abu kuma shi ne abin da yake. Ta kuma yaba wa Thomas Aquinas, malamin Kirista na ƙarni na 13, saboda ya farfaɗo da Aristotal a Turai. Masana tarihin falsafa sun san cewa Aquinas ya yi karatunsa da taimakon sharhin Ibnu Rushdi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1198, da rubuce-rubucen Ibnu Sina. Wannan manɗiƙi ɗin ya ratso Sahara tun da daɗewa. Shehu Magili, wanda ya zauna a Tigidda da Kano da Katsina da Gawo a ƙarshen ƙarni na 15, ya yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi yana kare halaccin karanta shi, kuma har yau ana karanta Sullam na Ahadari a zaurukan ilimi. Ke nan ƙa'idojin da Rand ta ɗora gininta a kai, malamai masu salla sun riga sun yi aiki da su ɗaruruwan shekaru ba tare da sun kai ga inda ta kai ba.

Masu nazari sun kuma nuna cewa ta ci bashin Aristotal ta bar rabin kayan. A littafinsa na siyasa ya bayyana cewa ɗan Adam halitta ce da ba ta cika sai a cikin gari da jama'a, ya raina cinikin da ake yi don tara riba kawai, ya kuma la'anci kuɗin ruwa. Malamin da ta fi girmamawa bai ga ɗan kasuwa da idon da ta gan shi ba.

Mai bin bashi na biyu: Nietzsche

Bashin da aka fi jayayya a kai shi ne na Friedrich Nietzsche, Bajamushen da ya mutu a 1900, wanda ya koyar da cewa ɗabi'ar tausayi da ƙanƙan da kai dabara ce ta raunana don ɗaure ƙarfafa. Rand ta karanta shi tun tana ɗaliba a Rasha. Daga baya ta barranta da shi, tana cewa shi mai bin sha'awa ne, ba mai bin hankali ba, kuma ya halatta wa ƙaƙƙarfa ya taka rarrauna, abin da ita ta haramta. Amma takardu sun nuna cewa rabuwar ta ɗauki lokaci. A gabatarwar da ta rubuta wa The Fountainhead a 1968 ta amsa da bakinta cewa da farko ta yi niyyar buɗe littafin da wata magana ta Nietzsche, sannan ta cire. Da aka sake buga We the Living a 1959, ta ce gyaran harshe kawai ta yi, amma waɗanda suka jera bugun biyu sun tarar an tausasa wasu wurare inda tauraruwar labarin ke raina talakawa tana ganin halal ne a yi amfani da su. Kundin tunaninta da aka buga a 1997 ya ƙara fito da wannan launi a rubutunta na ƙuruciya.

A nan ma akwai wani darasi game da amanar takardu. Jennifer Burns, masaniyar tarihi da ta samu shiga ma'ajiyar takardun Rand kafin ta wallafa Goddess of the Market a 2009, ta bayyana cewa abin da aka buga na kundin ya sha gyare-gyaren masu tacewa, har wasu jimloli suka bambanta da rubutun hannunta. Magada sukan share wa mamaci fuska kafin su nuna shi ga jama'a, shi ya sa mai bincike na gaskiya ke neman asalin takarda.

Mai bin bashi na uku: Rasha

Rand ta tsani Rasha, ta sarakuna da ta gurguzu, tana ganin ba abin da ta ɗauko daga can sai tabo. A 1995 Chris Matthew Sciabarra ya wallafa Ayn Rand: The Russian Radical, inda ya kafa hujja cewa salon tunaninta na Rasha ne: ƙin raba jiki da ruhi, ƙin raba ilimi da aiki, da kallon siyasa da tattalin arziki da al'ada a matsayin abu guda mai sarƙe da juna. Ya danganta wannan da malamanta na jami'a, musamman Nikolai Lossky, wanda ita da kanta ta ce ya koya mata falsafar mutanen da. Wasu masana sun yi shakka, domin hukuma ta tsige Lossky daga kujerarsa a 1921, aka kuma kore shi daga ƙasar a 1922 tare da wasu manyan masana. Sciabarra ya bi sawu har ya samo takardar darussan da ta ɗauka a jami'a, ya buga nazarinta a 1999, muhawarar kuwa ba ta mutu ba.

Wasu sun tona ƙasa fiye da haka. Adam Weiner a 2016 da Derek Offord a 2022 sun nuna kamar da ke tsakaninta da marubutan Rasha na ƙarni na 19, musamman Nikolai Chernyshevsky, wanda ƙagaggen labarinsa na 1863 ya yi wa'azin son kai na hankali ta bakin jarumai marasa aibi masu dogayen jawabai. Abin mamaki, littafin nan yana cikin waɗanda suka fi tasiri a kan Lenin, har ya ari sunansa ya sa wa wata ƙasidarsa ta 1902. In wannan nazari ya tabbata, to ita da waɗanda suka ƙwace kantin mahaifinta rijiya ɗaya suka sha, kowa ya nufi gabasa. A fagen adabi kuwa ba ta musa ba: ta ce Victor Hugo ne gwaninta, ta kuma yaba wa Dostoyevsky wajen ƙulla labari.

Mai bin bashi na huɗu: Amurka

Ilimin siyasa da tarihin Amurka ta same shi ne a hannun Isabel Paterson, ƴar jarida a Niyok, wadda ta sha kwana tana yi mata bayani a farkon shekarun 1940, wadda kuma ta fitar da nata littafin, The God of the Machine, a shekarar da The Fountainhead ya fito. Sun ɓata a 1948, daga nan Rand ta rage ambaton abin da ta koya a wurinta. A tattalin arziki ta jingina da Ludwig von Mises, ɗan Ostiriya mai littafin Human Action na 1949, ko da yake ta ƙi tushen falsafarsa. Kalmar da ta fi yaƙa, wadda Faransawa ke kira altruisme, watau rayuwa domin wasu, Auguste Comte ne ya ƙaga ta a ƙarni na 19, kuma da tsattsaurar ma'anarsa ta ɗauke ta. Masu suka sun ce da wuya a samu malamin ɗabi'a da ya taɓa neman mutum ya shafe kansa kwata-kwata kamar yadda ta siffanta. Haka batun Immanuel Kant, wanda ta ɗauka babban maƙiyi: masanan Kant sun ce ba ta karanta shi da kyau ba, kuma koyarwarsa ta 1785, cewa kada a mayar da mutum kayan aiki kawai, ta yi kusa da tata ƙwarai.

Hukuncin jami'o'i

Shekaru da dama malaman falsafa sun yi biris da ita, ita ma ba ta taɓa miƙa rubutunta ga mujallunsu don a auna ba. A 1971 Robert Nozick na jami'ar Harvard, wanda shi ma mai son taƙaita ikon gwamnati ne, ya ɗauki hujjarta ya warware ta daki-daki. Hujjar ita ce: mai rai kaɗai ke fuskantar zaɓi tsakanin rayuwa da mutuwa, saboda haka rai ne ma'aunin duk wata daraja, saboda haka ran kowane mutum shi ne babbar manufarsa. Nozick ya nuna cewa akwai matakalar da ta ɓace a tsakani, domin kasancewar rai sharaɗi ne na samun daraja bai tabbatar da cewa shi ne mafi girman daraja ba, balle ya hana mutum ɗaukar rayuwar ɗansa ko ta maƙwabcinsa a matsayin manufa. Guga sharaɗi ne na samun ruwa, amma ba don guga ake haƙa rijiya ba.

Magoya bayanta sun mayar da martani. Douglas Den Uyl da Douglas Rasmussen sun tattara maƙaloli a kan falsafarta a 1984. An kafa wata ƙungiyar nazarinta a inuwar ƙungiyar malaman falsafa ta Amurka a 1987, wata mujalla ta musamman kuma ta yi ta fitowa daga 1999 zuwa 2023. A 2006 Tara Smith ta jami'ar Texas ta wallafa littafi a maɗaba'ar Cambridge, tana nuna cewa son kan da Rand ke nufi ya ƙunshi gaskiya, riƙon amana, adalci da aiki tuƙuru, ya kuma haramta zamba. Duk da haka yawancin malaman falsafa ba su karɓi hujjojinta ba, masana tarihi da na adabi ne suka fi samun abin tsinta a cikinta.

Inda aƙida ta gamu da rayuwa

Alan Greenspan ya zauna a majalisinta tun shekarun 1950, ya rubuta maƙaloli a littafinta na 1966 a kan jari-hujja, ya kuma shugabanci babban bankin Amurka daga 1987 zuwa 2006. A watan Oktoba 2008, bayan manyan bankuna sun rushe, ya tsaya gaban wani kwamitin majalisar dokoki ya amsa cewa ya yi kuskure da ya zaci son kan bankuna zai isa ya kare masu hannun jarinsu. Masu sukar Rand suka ce ga ƙarshen zance. Almajiranta suka ce ita ba ta yarda da babban banki ba tun asali, kuma kuɗin ruwa mai arha da ya hura wutar rikicin aikin hukuma ne.

Ita kanta, bayan an yi mata aikin sankarar huhu a 1974, ta shiga tsarin fansho da na magani na gwamnati waɗanda ta daɗe tana suka. Masu kare ta sun tunatar cewa tun a 1966 ta rubuta cewa wanda aka karɓe wa kuɗi da ƙarfi yana da damar karɓo abinsa. Akwai kuma abin da ɗan Afirka ba zai tsallake ba. Ta yi maƙala a 1963 tana la'antar wariyar launin fata, amma a 1974, a makarantar hafsoshin soja ta West Point, ta ce ƴan asalin Amurka ba su da haƙƙi a kan ƙasarsu saboda ba su san mallakar mutum ɗaya ba. Da irin wannan hujja Turawan mulkin mallaka suka riƙa kiran gonaki da makiyaya ƙasar da ba ta da mai ita.

Jama'a masu sauraro, abin da za a ɗauka daga wannan mata yana da iyaka, amma yana da amfani. Ta yi gaskiya da ta ce mai noma da mai ƙira da mai fatauci ba su da abin kunya a cikin ribarsu ta halal, kuma hukumar da ta mayar da sa hannu abin sayarwa tana kashe kasuwa. Ibnu Haldun ya riga ya yi gargaɗi a Muƙaddimarsa tun ƙarni na 14 cewa sarkin da ya shiga ciniki yana cutar talakawansa yana kuma rage wa kansa haraji. Inda ta ce taimakon mabukaci ba wajibi ba ne, a nan ta rabu da al'ummar da ta ɗauki zakka rukuni, da kasuwar da yaro ke fara ciniki da jarin ubangidansa bisa amana kawai, ba takarda ba shaida.

Ita kanta jami'ar gwamnati ce ta ba ta ilimi, dangi ne suka ɗauki nauyinta a Shikago, Paterson ta karantar da ita, Hugo da Nietzsche da marubutan Rasha suka ba ta harshen da ta yi magana da shi. Wannan bai rage mata ƙwazo ba, domin ta juya jarin da hannunta, ta kuma ci riba mai yawa. Ɗan kasuwar da zai karanta ta, ya tambayi kansa ko dukiyarsa daga ciniki ta fito ko daga kamun ƙafa. Ma'aikacin da zai karanta ta, ya tambayi kansa me ɗan ƙasa ke samu a madadin lanhon da yake biya.